Soyayya da Fargaba a Littafi Ɗaya: Amsa ga Marubuciyar da Labarinta Ya Tsaya a Tsakiya

"Assalamu alaikum Malama. Shekara biyu ke nan ina fama da wani ƙagaggen labari na soyayya wanda akwai kisa da barazana a cikinsa. Na kai babi na goma sha huɗu na tsaya cik. Idan na zauna rubuta soyayyar, sai in ga haɗarin ya yi sanyi kamar an manta da shi, idan kuma na koma kan haɗarin, sai masoyan su zama kamar abokan aiki. Wadda na ba ta karanta ta ce ta gane mugun tun daga babi na uku. Ga shi ina aiki, lokacin rubutuna kaɗan ne. Shin matsalar daga tsarin labarin take, ko kuwa ni ce ban iya ba? Kuma yaya masu wannan sana'a suke tafiyar da aikinsu na yau da kullum?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki da kyau, abin da ya tsayar da ke shi ne labari biyu kike ɗauke da su a littafi ɗaya, kuma duk wanda kika juya wurinsa sai ɗayan ya yi barci. Gane mugu da wuri da ƙarancin lokaci suna da nasu maganin, kuma zan zo kansu, amma wannan na farko shi ne tushen damuwar. Ban karanta rubutunki ba, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne da bayaninki da kuma abin da na gani a nawa aikin da na waɗanda nake tace wa rubutu. Sai dai ina so ki cire batun rashin iyawa daga ranki tun yanzu, domin wadda ta kai babi goma sha huɗu, har ta gane da kanta cewa wani sashe ya yi sanyi, tana da idon da aikin yake bukata. Tsayuwa a tsakiyar littafi galibi daga zubi da tsari take tasowa, shi kuwa tsari abu ne da ake kwancewa a sake ɗaurawa.

Inda wannan nau'in labari ya samo tushe

Yana da amfani ki san gidan da kika shiga. A adabin Ingilishi ana yawan danganta tushen wannan nau'i da littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, inda wata matashiya ta je aikin koyarwa a wani babban gida, ta kamu da son mai gidan, alhali tana jin wata baƙuwar dariya daga saman bene wadda ba a yi mata bayanin gaskiya a kanta ba. A 1938 Daphne du Maurier ta fitar da Rebecca, labarin amaryar da ta tare a gidan da inuwar marigayiya matar farko ta cika ko'ina. Daga tsakiyar shekarun 1950 kuma Mary Stewart ta ba nau'in siffar da aka fi saninsa da ita yanzu: mace mai hankali da ilimi, wadda ba 'yar sanda ba ce, ta faɗa cikin haɗari a wata ƙasa, kuma mutumin da zuciyarta take karkata gare shi shi ne wanda take zargi. Ki lura da abin da ya haɗa su ukun. A cikin kowanne, asirin da ake tsoro yana jikin wanda ake so, ta yadda tauraruwar ba za ta iya amsa tambayar "me yake faruwa a nan?" ba sai ta amsa tambayar "wane ne wannan mutumin?"

Daga baya abin ya zama kasuwa mai zaman kanta. Kamfanin Harlequin na ƙasar Kanada ya buɗe jerin littattafansa mai suna Intrigue a 1984, masu tsawon kalma wajen 55,000, inda binciken laifi yake da rinjaye, kuma yana da wani jerin mai tsawon kalma wajen 70,000 inda soyayyar ce a gaba. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta kafa sharuɗɗa biyu ga duk abin da za a kira littafin soyayya: soyayyar ta zama ita ce ƙashin bayan labarin, kuma ƙarshen ya kasance mai gamsarwa da kyakkyawan fata. Wannan sharaɗi na biyu yana da tasiri babba a kan aikinki. Mai karatu ya shigo da yaƙinin cewa masoyan za su tsira kuma za su kasance tare, saboda haka ba za ki iya riƙe shi da tsoron mutuwarsu kaɗai ba. Abin da zai hana shi barci shi ne ta wace hanya za su tsira, me za su rasa kafin nan, kuma wa zai ci amanar wa.

Igiya ɗaya, ba biyu ba

Ga gwajin da nake yi wa kowane daftari. Ki cire haɗarin gaba ɗaya, ki duba: shin mutanen nan biyu za su haɗu, su so juna, su yi saɓani, su shirya, kamar yadda kika rubuta? Sannan ki mayar da haɗarin ki cire soyayyar: shin za a kama mai laifin ta hanyar da kika tsara, a lokacin da kika tsara? Idan amsar duka biyun "eh" ce, to littafi biyu ne aka ɗinke a bango ɗaya, kuma shi ya sa kike jin sanyi duk lokacin da kika tsallaka daga wannan zuwa wancan. Daga bayaninki, ina kyautata zaton nan matsalar take.

Abin da yake ɗaure su shi ne yarda. Soyayya tana neman mutum ya buɗe cikinsa, ya faɗi abin da ya ɓoye, ya miƙa amanarsa. Haɗari kuwa yana koya masa ya yi shiru, ya kulle ƙofa, ya zargi kowa. Idan kika sa tauraruwarki a inda miƙa amana ga wannan mutumin zai iya cetonta ko ya hallaka ta, kuma ba ta da hanyar sanin wanne ne sai ta gwada, to kowace kusanta tsakaninsu ta zama haɗari, kowace barazana kuma ta zama jarrabawar soyayya. Gaba kura baya sayaki ke nan, kuma a wannan matsatsin ne labarin yake samun ƙarfinsa.

Hanyoyin ɗaurin suna da yawa. Mafi tsufa shi ne masoyin ya zama wanda ake zargi, kuma yana aiki har gobe, sai dai an yi shi da yawa har mai karatu ya saba da cewa wanda aka fi zargi shi ne mai gaskiya. Akwai wanda haɗari yake tilasta musu zama tare, kamar mai ba da shaida da jami'in da aka ɗora wa tsaronta, wannan yana magance matsalar haɗuwa amma shi kaɗai ba ya haifar da rikici. Wanda na fi so, kuma na fi ganin yana ɗaukar nauyin littafi har ƙarshe, shi ne masoyin ba shi da laifi amma gaskiyar za ta ci wani nasa: mahaifinsa, ko ɗan'uwansa, ko wanda ya yi masa rana. A nan dukansu mutanen kirki ne, dukansu suna da hujja, kuma duk matakin da ta ɗauka zuwa ga gaskiya yana rusa wani abu da yake ƙauna. Ba sai kin ƙirƙiro musu rashin fahimta na banza ba, irin wanda magana ɗaya za ta warware.

Bari in nuna miki daga wani aikina. Tauraruwar akanta ce a wani kamfanin sufuri, ta gano ana biyan albashi da sunayen direbobin da suka rasu, kuma wanda ya riga ta gano hakan an tsinci gawarsa. Tauraron ɗan mai kamfanin ne. A daftarin farko na rubuta babin da ya rage mata hanya da dare, suka tsaya a ƙofar gidansu ya bayyana mata abin da ke ransa, shafi shida na magana mai daɗi, kuma a duk shafukan nan babu wanda ya tuna an kashe mutum. Da na sake rubutawa, ban canja wurin ba, ban canja niyyarsa ba. Abin da na ƙara shi ne takardun da ta kwafo suna cikin jakarta, jakar tana kan cinyarta. Yana magana, ya miƙa hannu don ya ɗauke mata jakar ya ajiye a kujerar baya saboda ta sake, sai yatsunta suka ƙi sakin igiyar. Ya ji ƙarfin riƙon, ya janye hannunsa a hankali, bai tambaye ta komai ba, ya ci gaba da maganarsa amma muryarsa ta sauka. Can ya ce mata ta daina zama a ofis har ƙarfe tara, ba shi da kyau. Ita kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa cewa ta kai ƙarfe tara a daren jiya ba. Babin ya koma shafi uku. Kalmarsa ta kulawa ce, kuma mai yiwuwa mai gadi ne ya gaya masa, amma ta shiga gida ba ta sani ba ko wanda yake sonta ne ya yi magana ko wanda yake bibiyarta. Soyayyar ta matsa gaba, domin ya ga ba ta yarda da shi ba kuma abin ya yi masa ciwo, fargabar ma ta matsa gaba, duk a numfashi ɗaya.

Wannan shi ne aikin da nake so ki yi wa kowane babi naki: ki nemo jakar da ke kan cinya.

Rikicin lokaci

Akwai wata wahala da take cikin jinin nau'in, wadda ba laifinki ba ce. Fargaba tana son lokaci ƙanƙane, kwana uku ko mako guda, domin matsin lokaci shi ne yake hana mai karatu ajiye littafi. So kuwa, wanda za a yarda da shi, yana bukatar lokaci. Idan baƙi biyu suka haɗu ranar Litinin suka yi alkawarin aure ranar Alhamis, a tsakanin gudu da ɓuya, mai karatu mai hankali zai ce tsoro ne ya haɗa su, kuma zai yi gaskiya. Marubuta suna kauce wa wannan ta hanyar ba su tarihi tun kafin shafi na ɗaya, su zama tsofaffin masoya da aka raba, ko ma'auratan da zama ya yi tsami, ta yadda kwanakin haɗarin suna hura wutar da dama akwai garwashinta. Wasu suna shimfiɗa barazanar a kan watanni, tana zuwa tana lafawa, kowace dawowa ta fi ta baya muni. Wasu kuma suna barin lokacin a gajarce, amma su rufe littafin da alkawari mai ƙarfi maimakon biki, wanda a ganina ya fi gaskiya idan masoyan baƙin juna ne.

Game da inda ake sa kalaman so, ƙa'idata ita ce bayan haɗari, ba a tsakiyarsa ba. Babu abin da yake zubar da mutuncin labari kamar a ce masu bindiga suna bakin ƙofa, masoya kuma sun tsaya yabon idanun juna. Amma idan an tsira, an samu mafaka, jiki yana rawa, ɗaya yana wanke wa ɗaya rauni, a nan ne bakin da ya daɗe a rufe yake buɗewa, kuma mai karatu ma yana bukatar wannan hutun. Sharaɗin kawai shi ne hutun ya kasance yana da iyaka da aka sani: gari zai waye, ko motar da suke jira za ta zo, ko wa'adin da aka ba su zai cika.

Babi na goma sha huɗu, da mugun da ya yi barci

Inda kika tsaya yana kusa da tsakiyar littafi, kuma wurin yana da nasa aikin. A nan ya kamata wani abu da masoyan suka ɗauka gaskiya ne ya rushe: wanda suke gudu ba shi ne ba, ko wanda suke kai wa rahoto shi ne yake sayar da su, ko ita ta miƙa masa amanarta a babi na goma sha uku sai ga shi a na goma sha huɗu abin da ta gaya masa shi kaɗai ya isa kunnen maƙiyi. Idan babu irin wannan juyi, rabin littafi na biyu yakan zama maimaicin na farko da ƙarin hayaniya.

Sau da yawa kuma dalilin tsayuwar shi ne mugun ba ya yin komai, yana zaune yana jiran a gano shi. Abin da nake yi, kuma ban taɓa nadamarsa ba, shi ne in ajiye littafin in rubuta labarin gaba ɗaya daga wajen mugun, shafi huɗu ko biyar da babu wanda zai taɓa gani: me yake so, me ya sa yake ganin yana da haƙƙi a kansa, me ya sani a kowace rana, me ya yi da ya ji an fara bincike, wane kuskure ya tafka saboda gaggawa. Da zarar ya zama mutum mai shiri da tsoro irin nasa, shi da kansa zai riƙa kawo miki babi na gaba, domin duk motsin da masoyan suka yi sai ya mayar da martani. Kuma ki sa shi kusa da su, da ɗan gari akan ci gari, barazanar da take cin abinci a faranti ɗaya da kai ta fi ta baƙon da ba a sani ba tayar da hankali.

Batun cewa an gane shi tun babi na uku, kafin ki ɗauke shi a matsayin aibi, ki tambayi mai karatun taki: bayan ta gane, ta ci gaba da karatu da ɗoki ko kuwa sha'awarta ta mutu? Alfred Hitchcock, mai shirya fina-finai, ya yi wani bayani a hirarsa da François Truffaut, wani mai shirya fina-finai ɗan Faransa, wadda aka yi a 1962 aka buga ta littafi a 1966. Ya kawo misalin mutane biyu suna hira a tebur, akwai bam a ƙarƙashinsa. Idan masu kallo ba su sani ba, za su firgita na daƙiƙa goma sha biyar lokacin da ya tashi. Idan kuwa an nuna musu bam ɗin da lokacin tashinsa, hirar banza ma za ta riƙe su minti goma sha biyar cikin zullumi. Saboda haka kina da zaɓi. Kina iya barin mai karatu ya san mugun, har ki ba shi wasu babobi da idonsa, sai fargabar ta zama ta ganin tauraruwa tana gaishe shi da fara'a tana gaya masa inda za ta kwana. Ko kuma ki ɓoye shi da gaske, wanda yake nufin ki samar da aƙalla mutum uku da kowannensu yake da dalili da dama da abin da yake ɓoyewa, ki kuma binne kowace alama ta gaskiya a cikin wurin da hankalin mai karatu yake kan wani abu dabam, misali a tsakiyar faɗan masoyan. Abin da ba ya halatta shi ne ki fito da mai laifi a babin ƙarshe wanda ba a taɓa gani ba, ko ki ɓoye abin da tauraruwa ta gani da idonta alhali muna cikin kanta. Mai karatu yana yafe a yaudare shi da dabara, amma ba ya yafe a yi masa ƙarya.

Abubuwa biyu da ba na sassauci a kansu

Na farko shi ne hankalin tauraruwa. Idan za ta tafi wurin haɗari ita kaɗai da dare, ki ba ta dalilin da mace mai hankali za ta yarda da shi, ki kuma toshe hanyoyin da kowa zai fara tunani: me ya hana ta kiran hukuma, me ya hana ta gaya wa wani, ina wayarta. Wayar hannu ta rage wa marubutan fargaba hanyoyi da yawa, kuma mutuwar batir a daidai lokacin bukata ta zama abin da kowa ya gaji da shi. Ya fi kyau wayar tana aiki amma kiran ne yake da haɗari, saboda ba ta san wanda zai ji ba. A ƙarshe kuma ya zama tana da hannu a kuɓutarta, da wani abu da ta sani ko ta iya wanda muka gani tun farko. Akantata da lissafi ta kama mai laifi, ba da ƙarfin damtse ba.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Wannan nau'i yana da saurin mayar da danniya ta zama kamar kariya. Namijin da yake duba wayar mace a ɓoye, ya hana ta fita, ya yanke mata hukunci ba da shawararta ba, ya daka mata tsawa sannan a ce ai don yana sonta ne, halin mugun labarin yake nunawa, ko da an ba shi kyan fuska. 'Yan mata masu ƙananan shekaru suna karanta abin da muke rubutawa, wasunsu kuma daga nan suke ɗaukar siffar so. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne: bayan ya shigo rayuwarta, zaɓinta ya ƙaru ko ya ragu? Yana iya yin kuskuren danne ta saboda tsoro, wannan ɗan Adam ne, amma labarin ya kira kuskuren da sunansa, kuma ya biya kuɗinsa kafin ta yafe.

Bincike

A nan zan taƙaita. Abin da fina-finai suka koya mana game da rauni da makami yawancinsa ba haka yake ba. Wanda aka buga wa abu a kai ya suma na sa'o'i yana cikin haɗarin mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ba zai farka ya ci gaba da gudu ba. Na'urar rage ƙarar bindiga tana ragewa ne kawai, ba ta kashe ƙarar. Tsarin kama mutum da tsare shi da gurfanar da shi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki bi na ƙasar da labarinki yake. Hirar rabin sa'a da ma'aikaciyar jinya ko lauya ko tsohon ɗan sanda tana ba da abin da karatun mako ba zai bayar ba, musamman ƙananan abubuwa irin su warin ɗaki da abin da mutum yake yi da hannuwansa idan yana jira. Daga cikin abubuwa goma da kika samo, ɗaya ko biyu kawai za su shiga littafi.

Aikin yau da kullum

Yawancin masu wannan sana'a da wani aikin suka fara, da yawa kuma da shi suke ci gaba. Mary Higgins Clark, wadda ta shahara da labaran fargaba a Amurka, mijinta ya rasu a 1964 ya bar ta da 'ya'ya biyar, kuma tana rubutu ne daga ƙarfe biyar zuwa bakwai na safe kafin ta shirya su makaranta ta tafi aiki. Lissafin ba shi da wuya: kalma 500 a rana, kwana shida a mako, kalma 3,000 ke nan, kuma cikin mako ashirin da huɗu kin haura 70,000. Shekara biyun da kika yi ba ƙarancin lokaci ne kaɗai ya cinye su ba, ina zaton rashin sanin abin da zai faru gaba ne, domin sa'a ɗaya tana isa ga wadda ta san babin da za ta rubuta, yini guda kuma ba ya isar wadda ba ta sani ba.

Ni da asuba nake rubutu, kafin in taɓa waya. Ina tsayawa a inda na san jimlar da za ta biyo baya, in rubuta layi biyu na abin da zai faru gobe, saboda kada in wayi gari da farar takarda. Ba na komawa gyara yayin daftarin farko. Idan na gano a babi na ashirin cewa ya kamata a ga wani mabuɗi tun babi na huɗu, sai in rubuta a littafin ajiya in ci gaba kamar an riga an gan shi. A bangon ɗakina kuma akwai babbar takarda mai layuka: rana da sa'a, abin da ya faru, abin da ita ta sani, abin da shi ya sani, abin da mugu ya sani, abin da mai karatu ya sani, da matsayin yardar da ke tsakanin masoyan. Wannan takarda ce ta taɓa nuna mini cewa tauraro ya ambaci sunan wani mutum kwana biyu kafin a gaya masa, kuma da littafin ya fita haka, da masu karatu sun ɗauke shi alamar laifi alhali kuskurena ne. Akwai marubuta nagari da ba sa tsara komai, suna gano mugun tare da mai karatu sannan su koma su dasa alamu, kuma ba na cewa hanyarsu ba ta da kyau. Sai dai tana cin gyara mai yawa, wadda lokacinta kaɗan ne kuwa gara ta san ƙarshenta.

Idan daftari ya kammala, ina ajiye shi wata guda. Gyaran farko na tsari ne, ana cire babi ana matsar da wani, na biyu na jimla da zance, na ƙarshe na ƙa'idar rubutu, kuma haɗa su wuri ɗaya ɓata lokaci ne, domin za ki goge jimlar da za a yanke. Ina ba mutum biyu su karanta, mai son soyayya da mai son bincike, in roƙe su su yi alama a duk inda suka ajiye littafin, su kuma rubuta wanda suke zargi a ƙarshen kowane babi biyar. Ki ajiye kwafin aikinki a wuri biyu aƙalla, ɗaya a intanet, kowace rana.

Idan kina tunanin sakin labarin babi-babi a intanet, a Wattpad ko wani dandali, ki sani wannan nau'in ya fi kowanne wahala a haka, saboda abin da ya fita ya fita, ba za ki koma ki dasa alama ba. Ki gama daftarin kafin ki saki babi na ɗaya, ko aƙalla ki kasance gaba da masu karatu da babi goma kuma ƙarshen yana rubuce. Ta fuskar kuɗi, mai wallafa da kansa a Amazon yana samun kashi 70 ko 35 cikin ɗari na littafin lantarki gwargwadon farashi da ƙasar mai saye, amma tacewa da bango da talla duk a wuyansa suke. Kamfanin ɗab'i yana ɗauke waɗannan, kason marubuci kuma ya ragu sosai. Ko wanne kika zaɓa, kada ki sa hannu a yarjejeniyar da ba ta fayyace waɗanne haƙƙoƙi kika bayar ba, na tsawon wane lokaci, da kuma yadda za su dawo hannunki.

A wannan makon kada ki rubuta babi na goma sha biyar. Ki ɗauki takarda ki bi goma sha huɗun da kike da su, a gaban kowanne ki rubuta layi biyu: yadda haɗarin ya canja, da yadda yardar da ke tsakaninsu ta canja. Duk babin da layi ɗaya ya zama fanko, ko ki haɗe shi da maƙwabcinsa ko ki nemo masa abin da zai cike shi. Bayan nan ki rubuta shafukan mugun. Idan kin gama, ki aiko mini da takardar da kuma babi na uku, ina so in ga abin da ya tona masa asiri da wuri haka, domin mai yiwuwa jimla ɗaya ce kawai take bukatar a matsar da ita zuwa wani wuri.